Tsokaci a Kan Kalmomin Hausa na Kiran Waya ta Intanet da Haɗin Na'urori: Misali Daga Wudil

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a auna kalmomin da Hausa take amfani da su wajen zancen kiran waya ta intanet da haɗin na'urori, a ga waɗanda suka riƙe ma'anar da aka ɗora musu da waɗanda suka zubar da ita a hanya. An ɗauki garin Wudil, mai nisan kimanin kilomita 40 daga birnin Kano, a matsayin wurin duba al'amarin saboda abubuwa biyu da suka haɗu a cikinsa. Na farko shi ne jami'ar da Gwamnatin Jihar Kano ta kafa, wadda ta fara karatu a 2001, aka kuma sauya mata suna a 2022 zuwa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote. A can ana koyar da ilmin kwamfuta da Turanci tsantsa. Na biyu shi ne karar shanu ta ranar Juma'a, inda dillalai da fatake suke ƙulla ciniki da abokan hulɗarsu na nesa ta waya, da Hausa tsantsa, sau da yawa ma ta WhatsApp, har a nuna wa mai saye san da ake ciniki a kansa ta kiran bidiyo. Ɗalibi ya san yadda abin yake aiki, amma ba shi da bakin da zai bayyana wa mahaifinsa. Mahaifin kuwa, wanda shi ne yake biyan kuɗin kiran, yana da kalmomi tuli, sai dai babu ko ɗaya a cikinsu da take kai shi ga abin da ke faruwa bayan murya ta bar bakinsa.

Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, Hausa ta yi arzikin kalmomi a kan abin da hannu yake taɓawa da abin da aljihu yake biya, amma ta talauce a kan abin da ke gudana tsakanin waya da waya. Sa'an nan kuma 'yan kalmomin da aka ƙirƙira domin cike wannan gurbi, mafi shahara daga cikinsu suna zana wa mai sauraro hoton da ba shi ne ba.

2.0 Gadon da aka tarar

Kalmar waya aro ce daga Turanci, kuma asalin ma'anarta zaren ƙarfe. Ta shigo tare da tangaraho a farkon mulkin Turawa, ta haifi gidan waya da wayar tarho da wayar iska. Da alama ma cewar da ake yi an buga waya ta samo tushe ne daga yadda ma'aikacin tangaraho yake ƙwanƙwasa na'urarsa, ga shi yau ana faɗinta ko da shafa gilashi kawai aka yi da ɗan yatsa. Da aka fara aikin wayar GSM a Nijeriya a watan Agusta na 2001, lokacin da layukan tarho na ƙasar baki ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, kasuwa ba ta jira kowa ba: nan da nan aka sami salula da wayar hannu da tafi-da-gidanka, ga kati da caji da sim da filashin. Waɗannan ba su da wani aibu. Sun bi tsarin sautin Hausa, sun ɗauki jinsi, wasu har jam'i, kuma kowa ya san abin da ake nufi da su.

Matsalar ta fara ne daga kalmar layi. A zamanin tarho kalmar gaskiya ce, domin idan mutum ya kira Kaduna daga Kano, cibiyar haɗa waya tana keɓe masa hanya guda daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ba mai shiga cikinta sai ya ajiye, ko yana magana ko ya yi shiru. Yanzu kuwa layi yana nufin ɗan katin da ake sa wa a waya, yana nufin lambar mutum, yana nufin kamfanin da ya sayar da katin, yana kuma nufin haɗuwar mai kira da wanda aka kira. Uku na farko ana iya jurewa da su. Na huɗun ne ba ya tafiya da kiran intanet, domin a wannan kira babu wani layi da aka keɓe wa kowa.

3.0 Fakiti

Domin a ga dalilin haka, ya kamata a bi muryar dillalin Wudil daga bakinsa zuwa kunnen mai saye a Legas. Waya tana auna ƙarfin sautin sau dubbai a cikin daƙiƙa guda, ta mai da kowane awo lamba. A tsohon ma'aunin tarho na duniya, wanda ake kira G.711, awo 8,000 ake yi a daƙiƙa, kowane awo yana cin bit 8, watau bit 64,000 ke nan a daƙiƙa. Bit kuwa shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayani, ko dai sifiri ko ɗaya. Daga nan sai a yayyanka waɗannan lambobi gutsure-gutsure, galibi kowane gutsure maganar kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa, a liƙa wa kowanne adireshin inda ya fito da na inda za shi, a sake shi ya shiga hanyar da miliyoyin gutsuren wasu mutane suke bi. Ba dole ne na gaba da na baya su bi hanya ɗaya ba, ba dole ne kuma su isa bisa jerin da suka tashi ba. Wayar mai karɓa ce take jera su, ta mai da su sauti.

Wannan gutsure shi ne ginshiƙin ilmin baki ɗaya, amma da wuya a ji sunansa a bakin Bahaushe. A nan babu buƙatar ƙirƙira. Donald Davies, masanin Birtaniya da ya raɗa masa suna a tsakiyar shekarun 1960, ya zaɓi kalmar ne da niyyar ta kasance mai sauƙin samun takwara a wasu harsuna, kuma sai aka dace ita ce kalmar da Hausa ta riga ta ara tun tuni a matsayin fakiti, irin na ashana da sukari. Ta zama 'yar gida, tana da jam'i, fakitoci, tana kuma ɗauke da hoton abu ƙarami, a rufe, mai rubutu a jiki. Masu ƙyamar aro za su fi son ƙunshi ko ƙulli, kuma ba laifi ba ne a yi amfani da su wajen bayani, amma ƙulli ba a san shi da adireshi ba.

4.0 Yanar gizo

Babu kalmar da ta yi farin jini a wannan fage kamar yanar gizo, kuma babu wadda ta yi ɓarna kamarta. Kyawunta a bayyane yake: Hausa ce gangariya, tana da daɗin faɗa, tana kuma kawo hoto a zuci nan take. Gidajen rediyo sun rungume ta, jaridu sun bi, har ta kai ana kallon wanda ya ce intanet kamar ya gaza a Hausa.

Aibunta na farko shi ne ta haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Intanet ita ce haɗakar hanyoyin da fakitoci suke bi. Tushenta yana komawa ga ARPANET ta Amurka a 1969, da kuma tsarin TCP/IP wanda Vinton Cerf da Robert Kahn suka shimfiɗa a 1974, aka koma kansa ranar 1 ga Janairu, 1983. Shi kuwa abin da Turawa suka yi wa laƙabi da saƙar gizo-gizo, watau shafukan nan da ake buɗewa masu adireshi da haruffan www, Tim Berners-Lee ne ya tsara shi a 1989 a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba, shekara 20 bayan ARPANET. Ɗaya ne kawai daga cikin ayyukan da ake yi a kan intanet. Matsayinsu kamar na titi ne da motar da take bin sa. Yanar gizo fassarar sunan motar ce, amma sai aka ɗauke ta aka liƙa wa titin.

A zancen yau da kullum wannan ba ya cutarwa sosai. A kan kiran murya ne ɓarakar take fitowa fili, domin kiran da ake yi ta manhajar WhatsApp, wanda aka fara a 2015, yana bin intanet ne amma ba shafi ake buɗewa ba. Malamin da ya so ya faɗi wannan jimla da Hausar rediyo, dole ya ce kiran yana bin yanar gizo amma ba ya bin yanar gizo. Haka kuma abubuwa uku da suka faru a 'yan shekarun baya sun nuna tsadar wannan ruɗani. A watan Yuni na 2021 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter, har zuwa Janairun 2022. Wannan kafa ɗaya ce aka toshe, hanya tana nan. A watan Satumba na 2021 aka katse sadarwar waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. A nan turakun da ke haɗa waya da sauran duniya aka kashe, kira da saƙo da intanet duk suka tsaya. Ranar 14 ga Maris, 2024 kuwa wasu igiyoyin ƙarƙashin teku ne suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, hulɗa da ƙasashen waje ta yi rauni alhali turakun gida suna aiki. Cuta uku ce, kowace da maganinta, amma a Hausa duk ana iya cewa an sami matsalar yanar gizo, a wuce.

Aibu na biyu yana cikin hoton kansa. Duk wanda ya lura da yanar da gizo-gizo yake saƙawa a lambu ya san tana da cibiya, zare yana fita daga tsakiya, mai ita kuma yana nan zaune yana jiran ƙuda. Intanet kuwa an gina ta ne musamman ba tare da cibiya ba, yadda idan wata hanya ta yanke fakiti zai kewaya ta wata. Turanci ma yana da wannan rauni, amma can kalmar ba ta hau kan intanet ɗin kanta a bakin masana ba. Daɗin daɗawa, Gizo a wurin Bahaushe ba ƙwaro ba ne kawai, shi ne gwanin wayo na tatsuniya, wanda ake rufe labari da ɗora masa alhakin ƙaryar da aka shirga. Wani zai ce, idan aka dubi irin labaran da ke yawo a waya, ai suna ya bi jiki. Wannan raha ce mai daɗi, amma ba hujjar ƙamus ba ce.

Ba a cewa a kashe kalmar, kuma ko an ce ba za ta mutu ba. Abin da ya dace shi ne a mai da ita gurbinta, a bar ta ga shafuka, a bar intanet ga hanya. Kalmar intanet ba ta fi lantarki ko asibiti baƙunta ba.

5.0 Kalmomin kasuwa: sabis, netwok, data

Idan kira ya lalace a kara, abin da za a ji shi ne, «Alhaji, ba na jin ka sosai, sabis ne.» Kalmar sabis ta haɗiye ƙarfin siginar da ke tsakanin waya da turke, da cunkoson da ake samu idan dubban mutane suka taru a ƙarƙashin turke ɗaya ranar kasuwa, da lalacewar wata na'ura a Legas ko a Turai. Shi ya sa mutum zai ga sandunan wayarsa a cike amma murya tana yankewa, ya rasa abin da zai kira wannan, sai ya hau kan tudu yana ɗaga waya sama, alhali ba nan ciwon yake ba. Netwok ma haka take, ta zama sunan kamfani da sunan sigina gaba ɗaya, ta bar ma'anarta ta ilmi, watau na'urori biyu ko fiye da aka haɗa domin su yi musayar bayani, ba ta da mai ɗauka. Hanyar sadarwa da ake fassara ta da ita ta yi faɗi, domin rediyo da jarida da sanƙira duk hanyoyin sadarwa ne. Haɗin na'urori ya fi kusa, ga shi kuma yana karɓar ƙari cikin sauƙi: haɗin cikin gida, haɗin nesa.

Data kuwa a bakin jama'a haja ce da ake saye, a sa, ta ƙare. Wannan ma'ana ta kafu, kuma Hausa ba ta yi laifi ba da ta ba ta jinsin mace ta sa ta cikin kayan masarufi. Inda aljihu yake cutuwa shi ne wajen awo. Ana sayar da data da megabait, ana kuma tallar saurin hanya da megabit a daƙiƙa, kuma bait ɗaya bit 8 ne. Duka biyun a kasuwa mega ake ce musu. Wannan daidai yake da a ce mudu da tiya suna ɗaya gare su, abin da ba wanda zai yarda da shi a kasuwar hatsi ko na yini ɗaya.

6.0 Abin da fassarar na'ura ta jawo

Akwai rukuni na uku na kalmomi, waɗanda ba daga rediyo suka fito ba, ba kuma daga kasuwa ba. Tun da Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa a ƙarshen 2013, aka cika shafuka da rubutun da ba Bahaushe ne ya tsara shi ba, kuma ɗalibai suna kwasa daga can. Misalai uku sun isa.

Kwamfutar da take zaune tana jiran a nemi abu a wurinta ta bayar, ana yawan cin karo da ita da sunan uwar garke. A garin shanu kamar Wudil ba a buƙatar a yi wa kowa bayanin uwar garke: ita ce saniyar da sauran suke bi. Amma wannan na'ura ba ta jan kowa, ba a kuma bin ta. Hidima take yi, kamar mai awo a rumfa. Kalmar tana da kyan ji, amma ta juya dangantakar. Ita kuma na'urar da take nema, watau wayar da ke hannun mutum, sai a kira ta abokin ciniki, kamar akwai wani mahaluki da ya zo taya kaya. Da an ce mai bayarwa da mai nema, ko a bar aron saba ga ta farko tun da masu gyaran waya sun saba da ita, da ma'ana ta fita.

Na uku ya fi ban dariya. Kowace na'ura a intanet tana da adireshi, kuma a cikin adireshin akwai lambobi da suke rarrabe ayyuka, alal misali 443 ta shafuka masu tsaro, 5060 ta ƙulla kiran murya. Sunan wannan lamba a Turanci ya yi daidai da na wurin da jiragen ruwa suke tsayawa, saboda haka sai ga tashar jiragen ruwa a tsakiyar bayanin kwamfuta. Mutumin da ya san birni ɗaya ne amma mai shanu da mai gishiri kowa da ƙofar da yake shiga, kamar yadda Kano take da Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Mata, ba ya buƙatar a kai shi Apapa. Ƙofa ta wadatar.

7.0 Kalmomin da ke gida ba a nema ba

Abin mamaki shi ne, harshen da ya yi ƙarnuka yana fatauci daga Kano zuwa Gwanja yana da kalmomin tafiyar kaya fiye da yadda wannan ilmi yake buƙata, amma ba a waiwaye su ba.

Fakiti ba ya isa inda za shi da tsalle ɗaya. Yana sauka a wata na'ura, ta duba adireshinsa, ta miƙa shi ga ta gaba, haka har ya isa. Masana suna ƙidaya waɗannan saukoki, har ma kowane fakiti yana ɗauke da wata lamba da ba ta wuce 255, wadda ake rage mata ɗaya a kowace sauka, idan ta ƙare a jefar da shi domin kada ya yi ta yawo har abada. Wannan zango ne, ba ƙari ba ragi, domin zango a Hausa yana nufin wurin sauka, yana kuma nufin tafiyar da ke tsakanin sauka biyu. Ita kuwa na'urar da take miƙawa, kasuwa ta san ta da rauta, amma rauta a wurin mai shago ɗan akwatin nan ne da ake sa wa sim ya ba gida intanet. Za a iya jarabtuwa a ce mata jagaba ko madugu, sai dai waɗannan tafiya suke yi tare da ayari, ita kuwa ba ta motsawa. Aikinta ya fi kama da na ɗan kamasho a tashar Wudil, wanda zai dubi kaya ya ce wannan motar Gaya za a sa shi, wancan ta Birnin Kudu, shi kuwa ko gada ba zai haye ba. Na'urar mararraba ta fi dacewa da ita.

Ƙa'idojin da na'urori suke bi wajen magana da juna, wasu suna fassara sunansu da yarjejeniya, saboda haka ake fassara kalmar a labaran siyasar duniya. Ƙa'ida ta fi. Misali mai kyau shi ne SIP, ƙa'idar da aka fitar a 1999 aka sabunta a 2002, wadda wayoyin ofisoshi da kiran murya na 4G suke ƙulla kira da ita. Mai kira yana aika saƙon gayyata. Ɗaya ɓangaren ya mayar da lamba 180, ma'ana waya tana ƙara. Idan an ɗauka ya aiko 200, idan ana kan wani kiran ya aiko 486. Mai kira ya tabbatar ya ji, sa'an nan murya ta fara tafiya. A ƙarshe a yi sallama. Duk wanda ya taɓa tsayawa a zaure ya aika yaro cikin gida ya san wannan tsari. Sunansa iso. A ce ƙa'idar iso, ɗalibi ya riga ya fahimci rabin darasi, har da dalilin da ya sa hanyar neman iso dabam take da hanyar da hirar kanta take bi.

Sauran kalmomin kuwa suna bakin masu kira, ba a dai tattara su ba ne. Kira ta intanet yana da cututtuka uku. Na farko jinkiri, watau lokacin da murya take ɗauka kafin ta isa. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta ba da shawarar kada ya wuce kashi 150 cikin 1,000 na daƙiƙa idan ana son hira ta tafi daidai. Idan ya wuce sosai, sai mutane biyu su riƙa cin karo da baki. Haske a cikin igiyar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, saboda haka nisa a ƙasa ba ya cin lokaci da yawa. Amma tauraron ɗan'adam da ke tsaye a nisan kilomita 35,786, hawa da sauka kaɗai sun kusa rubu'in daƙiƙa. Ya kamata a raba jinkiri da faɗin hanya, wanda shi ne yawan abin da hanya take iya ɗauka a lokaci guda. Gadar Wudil tsawonta ɗaya ne kullum, amma ranar Juma'a ake sanin faɗinta.

Cuta ta biyu ita ce ɓacewar fakiti. Idan wasiƙa ake aikawa, ƙa'idar TCP tana sa a sake turo duk abin da ya ɓace. Murya kuwa galibi ƙa'idar UDP take bi, wadda ba ta waiwaye, domin gaɓar kalmar da ta iso bayan an wuce wurinta ba ta da sauran amfani. Wannan ne ainihin abin da mai kira yake nufi idan ya ce murya tana yankewa.

Ta uku ita ce wadda ba ta da suna ko kaɗan: fakitoci sun tashi a jere, tazara ɗaya, amma suna isowa wani da wuri wani a makare. Ɗingishi ya dace da wannan, tun da tafiya ce ake yi amma taku bai daidaita ba. Maganinsa shi ne waya ta ɗan tare fakitocin da suka iso, ta riƙa sakin su daidai wa daida. Mutanen Wudil sun san wannan dabara a kan ruwa, domin kogin da ya ratsa garinsu yana ƙarƙashin madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, waɗanda suke tare ruwan damina su sake shi da awo. A kira ta madatsar murya. Har illarta ma hoton ya ɗauko: gwargwadon yawan abin da aka tare, gwargwadon ƙaruwar jinkiri.

8.0 Wa ke da alhakin raɗa suna?

Ba yau Hausa ta fara fuskantar irin wannan aiki ba. Hukumar Hausa da aka kafa a 1955 ta yi aikin tace kalmomin aro, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano, wadda aka kafa a 1969, ta ci gaba daga nan, har ta fitar da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006. Littafin Hausa Metalanguage, wanda Ɗalhatu Muhammad ya shirya aka buga a 1990, ya tattara keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi. Abin lura shi ne kalmomi irin su aikatau da bayanau da wakilin suna ba kyawunsu kaɗai ya zaunar da su ba. Sun zauna ne domin akwai aji da ake koyar da su, da jarrabawa da ake tambayar su, kuma waɗanda suka zaɓe su su ne masu aiki da su.

Kalmomin sadarwa ba su sami wannan gata ba. Mai fassara a gidan rediyo yana da mintoci kaɗan kafin labarai, kuma abin da yake nema shi ne kalmar da za ta wuce a kunne. Kamfanonin waje da suka sa Hausa a kayansu, kamar Facebook a 2016, abin da ya dame su shi ne rubutun da zai shiga maɓalli. Marubuta irin su Abdullahi Salihu Abubakar, wanda aka fi sani da Baban Sadiq, sun yi shekaru suna bayanin fasahar intanet da Hausa a jaridar Aminiya, kuma aikinsu ya nuna abin mai yiwuwa ne, amma mutum ɗaya ba ya zama hukuma. Sakamakon haka ne aka wayi gari manhaja, wadda malamai suka sani da tsarin darussa, ta zama kuma sunan abin da ake saukewa a waya, yadda malamin kwamfuta zai iya cewa manhajarsa ta bana ta ƙunshi rubuta manhaja. Haka kuma na'ura mai ƙwaƙwalwa, mai gaɓa 7, take ta fama da kwamfuta mai gaɓa 3, kuma kowa ya san wadda ake faɗa a shago.

Tsakanin masana kwamfuta na Wudil da masana harshe na Kano tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ce, kuma aikin da ake magana a kansa bai wuce kalmomi ɗari biyu ko uku ba a matakin farko. Sharaɗinsa dai shi ne a gwada kowace kalma a wurare biyu, a aji da kuma a kara, sa'an nan a tuna da Hausawan Nijar, domin abin da ake kira netwok a Wudil, rezo ake ce masa a Maraɗi, kuma fataken shanu suna jin duka biyun. Akwai ma kalmomin da har yanzu ba a sami ko ɗan takara ba. Dabarar matse murya domin ta rage cin data, irin Opus da aka amince da ita a 2012, wadda take iya sauko da magana daga bit 64,000 zuwa 6,000 a daƙiƙa, ita ce ta sa kiran Makka daga Wudil ya zama abin da mai ƙaramin ƙarfi yake iya yi kullum. Matsewa ta kama rabin aikinta ne kawai, domin a ɗaya ƙarshen sai an warware, kuma sunan Turancin ya haɗa ayyukan biyu a kalma guda.